Wutar da Ke Ɓuya Tsakanin Aliero da Jega

Babur ɗina ya girmi ɗana na fari,
ya girmi aurena ma.
Baƙin Honda ne na Baba,
ya saye shi shekarar da albasa ta yi kuɗi.
Injinsa garau, ba tari, ba hayaƙi.
Cutarsa a jijiya take:
wayoyi ja da kore da ruwan ɗorawa
da suka koɗe, suka koma launin ƙasa gaba ɗaya.

Ni ke yankar kati a asibitin Jega.
In bakwai da rabi ta wuce ban iso ba,
layi ya kai gindin darbejiya,
masu goyo na leƙen taga a rufe.

Ran Talata an kwana ana ruwa.
Na wuce rumbunan albasa, gero na ɗiga dama da hagu,
sai ya yi shiru
kamar wanda aka kira sunansa a tsakiyar magana.
Na buga kik. Na sake. Na sake har cinya ta yi tsami.
Mai na nan, na jijjiga tanki na ji shi.

Na kwance fulogi, baƙi ƙirin kamar gindin tukunya,
na goge shi da gefen kwalin ashana,
na hura, na ɗora shi jikin inji
ina neman shuɗin ƙyallin nan
da bai kai ƙwayar gero ba,
wanda albashina ke rataye a kansa.
Babu.

Ga Nomau ya taho da jakinsa da buhu biyu.
Na ce, taka mini nan, baba, in riƙe waya in gani.
Ya tuɓe takalmi, ya yi bisimilla, ya taka.
Wuta ta shige ni daga yatsa har haƙori.
Na yi tsalle, jaki ya ja da baya,
Nomau ya riƙe ciki:
"Ashe tana nan! Kai ta ka so, ba hulogi ba."

Tana nan, to, hanya ce ta ɓace mata.
Na ɗaga kujera, na bi wayoyi da yatsa
kamar mai laluben ƙaya a tafin ƙafa.
Fis ya ƙone tun bara, takardar magi ke riƙe da gurbinsa.
Can ƙasa da kwayil na tarar da ƙulli,
baƙin salatif ya saki baki, ruwa ya kwanta ciki.
Na warware.
Murɗi uku zuwa hagu, sannan lanƙwasa.
Na san hannun nan.
Haka yake ɗaure bakin buhu,
haka ya ɗaure mini tazuge ranar da na fara makaranta.
Shekara tara da rufe shi,
ga ɗaurinsa yana kai ni aiki ban sani ba.

Na kankare tsatsa da haƙori da farce,
na mayar da murɗin yadda na same shi,
na naɗe da ledar burodin karin kumallona.

Bugu ɗaya ya tashi.
Sai dai da na kunna fitila, hon ne ya amsa,
da na danna hon, fitila ta lumshe ido.
Haka muka shiga Jega, muna gaida kowa ba da niyya ba.

Arzika mai gyaran waya ya ce in kawo shi Asabar
ya zare tsofaffin duka, ya zuba sababbi.
Na ce to.
Asabar uku ke nan ina wuce rumfarsa.

Na buɗe taga takwas da kwata.
Matar farko ta miƙo hannu, ta dubi nawa,
baƙin mai har ƙarƙashin farce.
Katinta ya tafi da shaidar babban yatsana a kusurwa.