Kube a Ƙarƙashin Hamata

Ran Talata na shiga Mafara,
ba da kaki ba, da kaftani ruwan ƙasa.
Na wuce 'yan albasa, na wuce masu gyaran rediyo,
har rumfar Barmo baduku,
inda warin jima ke tarbar baƙo kafin a amsa sallama.

Na ce, wanda ofis ta ba ni na roba ne.
In na sunkuya sai ya yi ƙara,
ya ci mini fata kamar ƙaiƙayin gero.
Jiya a sahun Azahar
na kusa da ni ya waiwayo sau biyu,
aikina kuwa ba ya son waiwaye.

Barmo bai ɗago ba, basilla na bakinsa.
"Da wane hannu kaka cin tuwo?"
Na ce dama.
"To hagu za ta kwana. Hidda mata ɗiyanta, miƙo ta nan."
Na juye harsasai a aljihu,
na nuna masa cikinta wayam.
Ya jinjina ta a tafi kamar mai tayin zabo.

Fatu uku ya shimfiɗa.
Ta akuya, jajir, ta ƙoshi da karan dafi:
"Wagga ta ado ce. Zuffa ɗaya, ta yi ma zane ga riga."
Ta tunkiya:
"Taushi gare ta, amma wata ukku ta saki baki."
Sai ya jawo ƙirgin sa daga ƙarƙashin buzu,
mai kauri, mai ƙanshin bagaruwa.
"Wanga zai yi ma gardama mako biyu,
in ya san haƙarƙarinka, kun zama ɗaya."

Ya sa na ɗaga hannuwa kamar wanda aka kama.
Zare ya bi kafaɗa, ya gitta a gadon baya.
Maɗauri, in ji shi, ya yi faɗin yatsa uku,
siriri yanka yake, ba ya ɗauka.
Gidan harsasai ya koma dama:
ko jaki ba a yi masa mangala mai ɓari guda.
Kunama ta shige ciki ruf, kar ko haɓar riga ta taɓa ta.
"Bakin fa, ina zai duba?"
Na ce baya, an ce ya fi saurin zarowa.
Ya ajiye zaren.
"Wa ka bayanka? Wanda ka goya ga babur,
ko wanda ka bi ka salla?
Ƙasa za ya duba. Ƙasa ba ta da marayu."

Yana cikin awo yatsansa ya ci karo da laya,
wadda inna ta rataya mini daren da zan tafi horo.
Ya juya ta, ya ƙura wa ɗinkin ido.
"Hannun baba ne. Shi ɗai ka ƙulle zare haka."
Ya ce tsoho ya ɗinka gafaka, ya ɗinka kuben wuƙa,
duk a sarari ake rataya su,
ba wanda ya taɓa ce masa, ɓoye mini.

Sai na faɗi abin da ya kawo ni da gaske.
Kulu, shekararta biyar.
In ta ji babur ɗina takan sheƙo daga zaure,
in ɗaga ta, ta kifa kunci a ƙirjina na hagu.
Shekaranjiya ta ce,
Baba, me ya sa nan wurin yake da sanyi?

Barmo ya daɗe yana kallon fatun.
Ya ɗauko ta tunkiyar da ya kushe,
ya yanko ƙyalle, ya ninka biyu,
ya ɗora a bayan ƙirgin.
"Wagga ba ta cikin kuɗi.
Ka dawo wata Talata.
Kuma ka koyi ɗaukar ɗiya da dama."