Kujera ta Goma Sha Bakwai

Shekara goma sha huɗu ina shiga zauren nan
da tsani a kafaɗa, da filaya a aljihu,
in canja ƙwan fitila, in lallashi fanka,
in fice kafin manya su iso.
Na san kujerar da ƙafarta ke rawa,
ban taɓa sanin yadda ake zama a kanta ba.

Yau Alhamis, Zuwera ta goge teburin sau biyu,
ta ce, "Mutari, ta goma sha bakwai ce taka,
can bakin ƙofa.
Kada ka je ka yi mana shiru."

Ƙuri'a ɗari da tara suka kawo ni:
masu shara, masu gadi, direbobi,
Barira mai jera littattafan da ba ta da lokacin buɗewa,
Kalla da ke takowa daga Kara-Kara
tun ladan bai gyara murya ba,
da tsoho Tanimun na ɗakin gwaji
wanda ruwan batir ya share wa zanen yatsu.
Mu ɗari biyu da ɗoriya a jami'a,
kujera guda.

Takardun sai jiya da la'asar suka zo hannuna,
shafi arba'in, duk faransanci.
Ɗiyata Habsu ta karanta min da hasken salula
har muka kai layin labule da darduma
na ofishin saukar baƙi.
Muka juya, muka sake juyawa,
babu inda aka ambaci tankin ruwa.

Ruwa kuwa a Damagaram ba abin wasa ba ne.
Famfo kan kwana uku yana tari, ko ɗigo.
Da kuɗin cefanenta Zuwera ke sayen jarka a kura
ta wanke makewayin da dakta zai shiga
ya fito yana toshe hanci, yana tambayar aikin wa.

Na ɗaga hannu. Shugaba ya dubi agogo.
"Wakilin ma'aikata, minti biyu."
Na miƙe, takarda na kyarma,
na yi bisimilla, na ce, "Ruwa..."
sai wuta ta ɗauke.

Fanka ta yi juyi uku, ta tsaya.
Kawuna goma sha shida suka waiwayo,
a lokacin ne kowa ya gane fuskata.
Ƙafata ta san hanyar akwatin wuta,
wallahi har ta ɗaga da kanta.
Wani ya ce, "Mutari, ɗan taimaka mana."
Na ce, "Ranka ya daɗe,
da sauran minti ɗaya da rabi."

Na zauna da ƙafar, na tashi da bakin.
Na ƙirga musu famfo talatin da ɗaya,
takwas kaɗai ke da rai.
Na faɗi kuɗin jarka, na faɗi albashin Zuwera.
Na ce takarda ta riƙa zuwa da mako guda,
mu ma mu kwana da ita, mu tambayi juna.
Zufa na bin wuyan manyan riguna,
zafin duwatsun Birni ya shigo ya sami wuri.
Wata malama ta daina fifita da takardarta,
ta juya bayanta, ta fara rubutu.

Ba a ba mu tankin ba.
An kafa kwamiti na mutum uku, ni ne na ukun.
Labulen an ce ya dakata.

Da aka shafa fatiha na ɗauki tsanina,
waya ce ta saki, aikin minti biyar.
Zuwera na tsaye a inuwar bedi da bokiti.
"Ka yi magana?"
Na ce, "An rubuta."
Ta ce, "Da sunan wa?"
Na ce, "Da namu."
Ta ɗan yi shiru, ta miƙo min jarka ɗaya.
"To, ɗan kwamiti, kama min zuwa sama."