Makullin Famfo

Shekara goma sha ɗaya ina tura kura,
jarka goma sha biyu, ɗaya ta tsage a wuya,
na toshe ta da leda da ƙyallen tsohon zanen Lantana.
Daga rijiyar Gidan Bawa zuwa bakin kasuwa
ƙafata ta san kowane rami,
tayar hagu ta san kowace ƙaya.

Ranar da motar gwamnati ta shigo Zangon Ɗinya
ina kan sawu na huɗu.
Mutum uku suka sauko, ɗaya da hular kwano,
suka auna ƙasa, suka kafa allo.
Ban yi boko ba, na ce Ɗayyabu ya karanta mini.
Ya ce burtsatse mai sola, tanki biyu, famfo takwas,
da lambatu daga masallaci har bayan gari.
Da ya zo kan kuɗin sai ya tsaya,
ya sake ƙirga sifirin da ɗan yatsa.

Mata suka rangaɗa guɗa.
Ni na riƙe hannun kura na yi tsit.
Gari na murnar ruwa, ni ina lissafin tuwo:
in famfo ya zo ƙofar gida, wa zai ƙwala wa Tanimu kira?

Da dare barci ya ƙi, Tasalla ta faɗo mini.
Daminar da masai suka cika suka haɗe da rijiya,
ni na ɗebo ruwan nan, da hannuna,
na sayar wa gari, na kai ragowar gida.
Amai da gudawa, kwana biyu. Shekararta huɗu.
Muna bayan a-kori-kura, hanyar Ringim,
ta daina cewa Baba ruwa.

Na ce wa zuciyata, ke, ji kunya.

Inji ya kwana tara yana gurnani
kafin ruwa ya yi tsiri ya jiƙa har rawanin mai unguwa.
Na tara hannu na sha.
Ba kanwa, ba warin laka. Haƙorana suka amsa.

Shi kuwa lambatu ya taso daga masallaci da ƙarfinsa,
ya wuce gidan kansila, ya wuce teburin mai shayi,
ya zo daidai lungunmu ya turje
kamar jakin da ya shaƙi warin kura.
Wai kaso na biyu yana Dutse,
wai takarda na kan tebur, sa hannu kawai ya rage.
Rodi ya yi tsatsa, awaki na kwana kan yashin ɗan kwangila.
Yanzu dauɗar gari duka ta sami hanyar siminti
da ke sauke ta a ƙofar gidana.

Bayan sallah kwamiti ya kira ni gindin tanki.
Uwale mai riƙe littafi ta miƙo makulli a zaren kaba,
ta ce, ba wanda ya san ƙishin garin nan gida-gida kamar kai.
Naira ashirin jarka, kuɗin gyara,
ni zan buɗe da hantsi, ni zan rufe da almuru,
in goge fuskar sola ranar Juma'a.
Abin da ake ba ni bai kai rabin na kura ba.
Lantana ta ƙirga, ta sake ƙirgawa, ba ta ce komai ba.

Kurar ma ba ta huta ba.
Duk Asabar ni da Ɗayyabu da 'ya'yan Gambo maƙeri
muna haƙa daga inda siminti ya ƙare,
ita ke kwashe ƙasar.
Taku saba'in muka ci, saura ɗari da wani abu,
ga gajimare ya fara haɗuwa ta gabas.

Mai tebur a Dutse, ban san sunanka ba.
In biro ne ya ƙare, aiko a faɗa mini,
akwai na Uwale.