Bolt Biyar

Saman shagon taliya a Osaka,
jirgin ƙarshe ya wuce, taga ta daina rawa.
Chizuru ta zazzage leda kan tebur:
ƙananan rizista masu ɗamara kala-kala,
da allo, bai fi tafin jariri ba.

Dalma ta narke da ƙamshin ƙaro.
Ta jona wuta. Fas!
Kafasita ta tsage baki, ta tofa hayaƙi.

Kakanta Tomeji, tsohon mai gyaran rediyo,
hannu na karkarwa, ido garau,
ya nuna da tsinken cin shinkafa:
"Doguwar ƙafa nan take shiga."

Ta sake. Ta riƙe numfashi.
Mita ta ce biyar cif.
'Yar fitila ta buɗe koren ido,
miyarsu kuwa tuni ta huce.