Kujeru Bakwai

Ran Litinin, sanyin Jos na cizon yatsu,
manaja ya dawo daga taron Abuja
da sabuwar jaka da sabon baki.
Ya ce, "Asabe, ɗebo min yara bakwai
masu jin yaren kwamfuta.
Kafin dankalin Bokkos ya sauko
ina son ma'ajiyar nan ta shige cikin waya."

Na ce, "Ranka ya daɗe, bakwai su yi me?"
Ya ce, "Su yi zamani."
Na rubuta zamani a takarda,
na ja masa layi biyu a ƙasa,
na zuba masa ido har shayina ya huce.
Bai faɗa min albashinsa ba,
balle teburin da zai zauna.

Shekara goma sha tara ke nan
ina ɗaukar mutane aiki a Farin Gada.
Ban taɓa saya wa matafiyi takalmi ba
sai na ji ko dutse zai hau
ko rafi zai tsallaka.

Duk da haka na buga sanarwa.
Dare uku, takardu ɗari huɗu da sittin.
Manhajar tacewa ta yi ta bakace,
ta bar min ashirin masu sheƙi,
duk bakinsu ɗaya kamar 'ya'yan ashana.
Na tona cikin dusar da ta zubar,
na tsinci Nanret, 'yar Mangu,
wadda ba ta iya yabon kanta ba,
amma ita ke karanta wa manoman ƙauyensu
saƙon banki, ta ce musu wannan na ɓarayi ne.

A tsarin manaja babu layin Baba Gyang.
Shi da ke shinshina buhu
ya ce wannan ba zai kai Juma'a ba.
Shi da ya san wanda za a ba bashin taki
ba tare da an sa hannu ba,
da wanda ko ya dafa littafi sai an ƙirga.
Wa zai loda wannan hanci a waya?

Na koma ofis, na rufe ƙofa.
Na ce, "Ba kai na zo musu ba,
hanya na zo tambaya.
Nan da damina uku, ina muka dosa?"
Ya daɗe yana juya makulli a tafin hannu.
Sannan, a hankali,
kamar mai ciro ƙaya daga tafin ƙafa:
"Ina son manomi ya sauke kaya da safe,
kuɗinsa su riga shi isa gida.
Na gaji da ganinsu a bakin ƙofa mako uku."

Na ce, "Madalla, yanzu ka yi magana.
Wannan ba aikin baƙi bakwai ba ne."

Biyu muka ɗauka.
Huɗu daga cikin gida muka tura koyo,
har da Sagiru mai shara
da ya daɗe yana gyara mana firinta a ɓoye.
Kujera ta bakwai na bar ta wayam,
don aikin da za ta ɗauka
ba a raɗa masa suna ba tukuna.

Jiya sabis ya ɗauke da azahar.
Baba Gyang ya buɗe tsohon littafinsa yana murmushi,
Nanret na gefe tana kwafe,
tana tambaya, yana tsaki, yana amsawa.

Ni kuwa da na tashi,
na bi ta gaban kujerar nan da ba kowa,
na tuna manhajar da ta yi aikina na wata guda
cikin dare uku.
Na sayi gasasshiyar masara a Taminus,
na hau keke, na buɗe darasi na farko a waya.
Haruffan ƙanana ne.
Gobe zan canza tabarau.