Dutsen Bakin Lambatu

A layinmu na Kakuri, bayan tsohuwar masaƙa,
akwai falalen dutse da aka ɗora kan lambatu.
Daga Kujama aka kawo shi, in ji Kawu Barau,
daminar da aka haife ni.

Da tsagarsa ya zo,
siririya kamar zaren da ya suɓuce wa allura.
Ba wanda ya kula.

Tifar yashi ta hau shi da asuba,
ya ɗan ranƙwafa, ya miƙe.
Tankar ruwa da hantsi,
kurar 'yan ga-ruwa da la'asar,
ya ranƙwafa, ya miƙe.
Mu dai miƙewar muke gani.
Can ciki kuwa, duk hawa ɗaya
tsagar na ƙara tsawon ƙwayar gero,
damina ta ɗura mata ruwa,
rani ya gasa ta, ta ƙara buɗe baki.

Ranar da ya karye ba tifa ba ce.
Keken Ɗanlami ne, ɗan aji huɗu,
da buhun gawayi rabi a baya.
Unguwa ta taru tana yi wa yaron faɗa.

Kawu bai ce komai ba.
Shi da aka rufe masaƙa a kan idonsa,
kuɗin sallama har yau suna hanya,
ya yi gadi, ya yi dako a Kasuwar Barci,
ya kai 'ya'ya biyu makwanci da hannunsa,
kuma duk wanda ya gaishe shi
sai ya ji: lafiya lau, sai godiya.

Ran Talatar nan mai shayi ya ce masa,
cikin raha ma,
Kawu, naira hamsin ɗin nan fa?
Sai ya zauna a ƙasa, dattijo da furfura,
yana kuka kamar an aiko masa da rasuwa.
Mutane suka ce, a kan hamsin?

Na je na tsuguna gaban dutsen,
na duba inda ya rabu.
Kusan duk fuskar baƙa ce, da gansakuka,
ta daɗe da rabuwa ba mu sani ba.
Fari sabo, faɗin yatsu biyu ne kacal.
Shi ke ɗauke da mu duk shekarun nan.

Yanzu in na gaishe da Kawu da safe
ba na saurin wucewa.