Abin da Muka Cire

Motar cefanen mahaifiyata ce,
ja, mai ƙofa uku, guntuwa kamar an datse mata wutsiya.
Shekara goma sha tara tana hawa da gangara a Caernarfon,
allurarta ba ta taɓa ganin sittin ba.
Bayan jana'iza ƙannena suka raba tangaran da agogon bango,
ni aka miƙo mini makulli.

Emyr mai walda ya zagaye ta sau biyu,
ya ƙwanƙwasa cikinta da sifana, tsatsa ta zubo kamar gari.
Ya ce, Gethin, ƙarfin inji kuɗi ne,
amma rage nauyi kyauta ne.

Sai muka hau cirewa.
Kujerar baya, kilo goma sha takwas.
A ƙarƙashinta sulalla huɗu, alewar da ta narke ta sake daskarewa,
gashin karen da ya mutu tun kafin in yi aure,
da takardar kantin magani mai ɗauke da sunanta.
Darduma, kilo tara. Rediyo, biyu.
Safaya taya, sha ɗaya da ɗoriya.
Kowanne na rubuta da alli a bangon gareji.
Takardar ce kawai ban ɗora a sikeli ba.

Watannin sanyi a ƙarƙashinta suka same ni,
baya a kan kwali, tocila a baki,
noti ɗaya ya ci mini Lahadi biyu
da fatar yatsu uku.
Na sauya shokoba, na rage mata tsawo,
na juye baƙin mai da ya koma kamar kwalta.
Ranar man birki 'yata Mared ta zauna a kujerar direba,
ƙafarta da ƙyar take kaiwa.
Taka! Na taka.
Riƙe! Na riƙe, Baba.
Saki!
Haka muka yi ta yi har kumfar ƙarshe ta fita daga tiyo,
har shayinmu ya huce a kan batir.

Filin tsere yana can tsibirin Môn, a bakin teku,
inda iska ke kwantar da ciyawa, tumaki ba sa ko ɗaga kai.
Babu kofi, babu kyauta, babu mai tafi.
Ka biya, ka sa hular kwano, a ɗaga maka tuta.
A miƙaƙƙiyar hanya motoci masu tsadar gida
suna wuce ni kamar ina tsaye.
To, su wuce.
A kwana muke haɗuwa, inda mai nauyi ke durƙusawa,
ita kuwa ta ɗage tayar baya ɗaya sama
kamar kare a gindin bango,
ta shige ta ciki.

A zagaye na bakwai birki ya yi laushi kamar burodi.
Na lallaɓa na fito, ƙauri na bin mu,
na duƙa ina duba iskar taya da hannu mai rawa.
Wanda ya ci zomo ya ci gudu,
ni gudun na ci, zomon yana gaba.
Litinin zan koma raba wasiƙu,
Asabar in koma kan kwali.

Emyr ya leƙo, ya nuna mariƙin da ke saman ƙofar fasinja.
Wannan fa? Noti biyu ne, giram ɗari uku.
Na ce a bar shi.
Shi take kamawa a shekarar ƙarshe,
lokacin da ni ke tuƙa ta zuwa asibitin Bangor,
tana cewa, a hankali, yaro, a hankali.

Har yanzu ina jin ta a kwanar da ke fuskantar teku.
Nakan ce, to, Mama.
In ƙirga ɗaya, biyu,
sannan in taka totur.